Duk Wanda Allah Ya Sa Ya Gani

A gidan rediyo mai zaman kansa irin namu, babu shirin da ya kai cigiya masu saurare. Labaran duniya wani ya saurara wani ya kashe, shirin siyasa kuma sai mai ra'ayi, amma da an ce ga sanarwa da cigiya, mai shayi yakan tsawata wa masu surutu a teburinsa, tela ya ɗaga ƙafa daga keke. Kowa yana gudun kada ya ji sunan nasa. Shekara tara ke nan ina karanta ta a Maraɗi, tun da na dawo daga makarantar IFTIC ta Yamai da takardar aikin jarida, kuma a cikinta na koyi yadda gari yake auna abin da ya ɓata.

Akuya ko tunkiya, in an faɗi launinta da tsagar kunnenta, sau da yawa kafin magariba an kira. Katin ɗan ƙasa da lasisin tuƙi, ƴan kabu-kabu ke kawo su da kansu. Yaro kuwa, garin ne dukansa ke tashi: liman ya faɗa bayan salla, mata su leƙa gidajen maƙwabta, mai unguwa ya ajiye shi a zaure har iyaye su zo. Wanda ya fi kowa wuyar samu shi ne babban mutum mai lalura, wato dattijon da rikicin tsufa ya kama, ko matar da ke fama da taɓin hankali, ko magidancin da ke da farfaɗiya. Yana da gemu, yana da riga da hula, yana tafiya kamar mai zuwa wani wuri. Ba wanda zai tare shi ya ce ɗan gidan wa ne kai. Abin da na lura shi ne, irin wannan mutum jama'a da yawa sukan gan shi bayan ya bar gida. Ba su dai san nemansa ake yi ba.

Takardar cigiya tana da tsarinta, ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san shi: suna, shekaru, unguwa, kayan da ke jiki, ranar fita, lambar waya, sai a rufe da duk wanda Allah Ya sa ya gani ya taimaka ya sanar. Tsakanin kayan jiki da ranar fita akwai gurbin da ya kamata a faɗi abin da ke damun mutum, kuma a nan ne hannun mai rubutu yake rawa. Wasu su rubuta "ba ya jin daɗi". Wasu su ce "yana da ɗan uzuri". Mafi yawa su tsallake. Ban ga laifinsu da sauri ba, domin na san garin da muke. Gidan da aka sani da farfaɗiya ko hauka, masu neman aure sukan yi bincike su janye. Uban da ke da ƴan mata uku a ɗaki, in ya tsaya a gaban takarda yana tunanin ko ya rubuta kalmar ko ya bari, ƴaƴansa ne yake aunawa, wancan da ya ɓata da waɗannan da ke gida.

A bazarar 2019 aka kawo mini cigiyar wani tela. Ba zan faɗi sunansa ko unguwarsu ba, iyalinsa na nan. Shekararsa 33 a lokacin, yana da mata da ɗiya biyu. Tun yana yaro ya yi sanƙarau, ya tashi, amma ciwon ya bar masa farfaɗiya. Kullum dare yana shan ƙwayar phenobarbital, kuma da ita yakan yi watanni bai faɗi ba. Masu kai masa ɗinki da yawa ba su ma sani ba. Ranar wata Juma'a, ranar kasuwa, ya ce wa matarsa zai je sayen zare da maɓallai. Bai dawo ba. Daren nan suka ce ko ya tsaya wurin abokai. Asabar suka zaga asibiti da ofishin ƴan sanda da gidajen dangi. Lahadi ƙanen mahaifinsa ya zo mana da takarda.

Da na karanta na ga an rubuta "a taimaka masa ya dawo gida", sai na san da wani abu, domin ba a faɗin haka ga mai lafiya. Na ce, "Baba, lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, karanta abin da ke rubuce. Akwai ƙannenai mata biyu da ba su yi aure ba."

Ƙa'idar aiki ita ce ba a ƙara wa takardar mutum abin da bai yarda da shi ba. Aka karanta ta sau uku Lahadi, sau uku Litinin: magidanci, dogo, baƙi, riga shuɗiya, hula ƙube. A Maraɗi ranar kasuwa, masu wannan kama sun fi a ƙirga. Ba wanda ya kira.

Laraba da hantsi mahaifiyarsa ta zo da kanta. Ta kwance gefen zanenta ta fito da ragowar ƙwayoyin ta ajiye mini a kan tebur. Ta ce, "Ɗiyata, ki hwaɗa musu shina da ciwon hwaɗuwa. Ki ce in ya hwaɗi kada su gudu, ba a ɗauka. Auren ƙannenai na Allah ne."

Na karanta kamar yadda ta ce. Kafin azahar waya ta fara ƙara. Wani mai shayi da ke bakin wata tasha ya ce ranar Juma'a bayan la'asar wani mai shuɗiyar riga ya faɗi kusa da teburinsa yana kumfa, mutane suka ja da baya, shi ya yayyafa masa ruwa. Bayan ya farfaɗo ya zauna a kan benci ya daɗe, an tambaye shi sunansa bai amsa ba, daga baya ya tashi ya tafi. Wata mai fura a kan hanyar Ɗan Isa ta ce Asabar da safe ta dama wa wani mutum fura, takalminsa ƙafa ɗaya, ya sha ya yi mata godiya. Wani yaron mota ya ce kamar ya ga mai irin kamarsa ranar Lahadi kusa da iyaka, amma ba zai rantse ba. Daga nan sawu ya ɗauke. Bana shekara ta shida.

Mai shayin nan ya saurari cigiyar Lahadi, ya saurari ta Litinin. Da bakinsa ya faɗa mini. Bai haɗa mai shuɗiyar rigar rediyo da mutumin da ya faɗi a gabansa ba, domin abin da shi ya gani shi ne faɗuwar, kuma ita ce ba a ambata ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da kwana biyar ke nufi ga irin wannan mutum. Bayan farfaɗiya ta saki mutum, ƙwaƙwalwa ba ta komawa daidai nan take. Akwai ruɗewa da kan ɗauki mintoci, wani lokaci sa'o'i, mutum yana tsaye da ƙafafunsa amma bai san inda yake ba. Akwai ma nau'in ciwon da ba ya kayar da mutum ƙasa: ido buɗe, yana tafiya, yana taɓa rigarsa, ana yi masa magana ba ya ganewa. Sannan phenobarbital magani ne da likitoci ke gargaɗin kada a yanke shi kwatsam, domin yanke shi kan jawo faɗuwa a jere, wani lokaci wadda ba ta tsayawa sai da allura a asibiti. Kowane dare da tela ya kwana a waje, jikinsa na ƙara rasa abin da ke riƙe da shi. Ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Ga rijiyoyi da tafkuna, waɗanda ga mai farfaɗiya ko ruwan da bai kai gwiwa ba hatsari ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Ba a ɗaukar ta ta yawu, ba a ɗaukar ta ta taɓawa. Abin da mai faɗuwa ke bukata kaɗan ne: a janye masa abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi a kan haƙarƙari, kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, in ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Sai kuma abin da ba a cika faɗa ba: in ya farfaɗo, a zauna da shi har sai ya iya faɗin sunansa da unguwarsu. Da wani ya yi wa tela wannan na ƙarshen a bakin tasha, da ranar a gida ya kwana.

In na ba da wannan labari, sau da yawa sai a ce mini ai talauci ne, da a ƙasar Turawa ne da kyamara da jirgi mai saukar ungulu sun gano shi. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai wani labari daga Kanada da nake so a ji. Ranar 18 ga Satumba 2013, a garin Coquitlam da ke kusa da Vancouver, wani dattijo ɗan asalin Koriya, tsohon fasto, mai shekara 64, ya fita tafiyar safe kamar yadda ya saba. Yana da cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba cikin cututtukan da mu ke haɗawa mu kira rikicin tsufa. Bai dawo ba. Ƴan sanda sun nema, ƙwararrun masu ceto sun nema, ƴan sa-kai sun bi tituna da dazuzzuka suna liƙa hotonsa. Har yau ba a same shi ba, ba a samu gawarsa ba. Abin da ɗansa ya riƙa nanatawa ga ƴan jarida shi ne, akwai waɗanda suka ga mahaifinsa bayan fitarsa, sai dai labarin ganin ya iso bayan kwanaki, domin a lokacin da suka gan shi ba su san ana nemansa ba. Dattijo ne mai tsafta yana tafiya a gefen hanya. A 2014 ɗan ya haɗu da wasu suka kafa wani tsari na ƴan sa-kai mai suna BC Silver Alert, wanda aikinsa kawai shi ne yaɗa labari da gaggawa in mai irin wannan lalura ya ɓata. Ƙasa mai wannan arziki, abin da ta rasa a ranar shi ne abin da mai shayinmu ya rasa.

Masu binciken yadda ɓatattu ke tafiya sun daɗe da gane cewa mai rikicin tsufa ba ya ɓata kamar mai lafiya. Wani Ba'amurke mai suna Robert Koester, wanda ya tattara bayanan aikin ceto masu yawa ya fitar da littafi a kai a 2008, ya nuna cewa irin waɗannan mutane sukan miƙe gaba har sai wani abu ya tsayar da su, kwazazzabo ko ƙaya ko ruwa, kuma ba su cika neman taimako ko amsa kira ba. Kana iya wucewa kusa da shi kana ƙwala masa suna ya yi shiru. Bincikensa ya kuma nuna sa'o'i 24 na farko su ne lokacin da aka fi samun mutum da rai, bayansu hatsari yake hauhawa. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce shida cikin goma na masu wannan lalura sukan fita su rasa hanya ko da sau ɗaya. Mu kuwa al'adarmu ita ce mu jira: bari a ga dare, bari a ga safiya, kada a tara wa gida mutane. Yaro in ya yi sa'a biyu ba a gan shi ba an fita da fitila. Babba sai ya kwana biyu.

To ina suke zuwa, waɗanda ba su mutu ba? Wani abu da ya faru a Japan ya ba ni rabin amsa. A 2007 wata mata mai rikicin tsufa ta fita daga gidansu a unguwar Asakusa ta birnin Tokyo. An tsince ta a garin Tatebayashi da ke lardin Gunma, aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Akwai sunanta a jikin tufafinta, amma a wurin shigar da shi cikin rajista aka yi kuskure, don haka takardar masu nema da takardar masu tsintuwa ba su taɓa haɗuwa ba. Kusan shekara bakwai tana raye, ana ciyar da ita, mijinta yana nema. Sai a watan Mayun 2014 da gidan talabijin na NHK ya nuna fuskarta a wani shiri kan ɓatattun masu wannan cuta aka gane ta, iyalinta suka zo. A lokacin ciwon ya ci ƙarfinta, ba ta iya magana da su. Japan dai tana ƙirga nata: ƴan sandan ƙasar sun samu rahoton ɓatan masu rikicin tsufa 9,607 a 2012, a 2023 kuma 19,039. Mafi yawansu ana samunsu cikin ƴan kwanaki, kuma ƙirgar ce ta sa aka san girman abin.

Mu gidan da muke ajiye tsintattunmu shi ne kalmar mahaukaci. Magidanci in ya kwana uku a waje ba wanka, takalmi ya tsinke, ƙura ta hau gemu, ba ka bambanta shi da mutumin da ka saba gani a shataletale yana tsince-tsince. Da ya shiga wannan sahu, tambaya ta ƙare. Yara su bi shi da dutse, manya su miƙa masa sadaka. Ina yaba sadakar, domin ita ke riƙe da ran mutane da yawa, kuma ita ta sa mai lalura zai iya shekaru a bakin wata tasha yana raye. Amma mai furar nan ta hanyar Ɗan Isa, da ta dama masa ta ba shi kyauta, ta ce mini bai zo mata a rai ta tambaye shi daga ina yake ba. Ta ce, "Ai irinsu ba a tambaya." Wasu kuma wani mai tausayi ne zai kai su gidan mai maganin gargajiya ko wurin malami mai ruƙiya, a ajiye su da sunan da aka laƙaba musu. Wasu a kai su asibiti a rubuta ba a san ko wane ne ba. A iya abin da na gani a aikina, littafin asibiti daban, na ƴan sanda daban, na mai unguwa daban, takardunmu na rediyo daban, kuma wanda ke yawo tsakaninsu da ƙafa shi ne ɗan'uwan wanda ya ɓata.

Mu mazauna bakin iyaka muna da ƙarin wahala. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ba wata tafiya ba ce, kuma harshe ɗaya ne, riga ɗaya, fuska ɗaya. Bahaushen Maraɗi in ya tsallaka ba ya zama baƙon da ido zai tsaya a kansa. Amma muryar tasharmu tana da inda take ƙarewa, takardar hukuma a nan da Faransanci take a can da Ingilishi. Dangin tela sun haɗa kuɗi sun canza zuwa naira sun kai cigiya Katsina, sun zaga tashoshin mota da hotonsa. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Zirga-zirga ta yi wuya, kuɗi suka ƙare, neman ya koma na waya da sallahu ga direbobi.

Gidan da aka bari shi ma yana da nasa ciwon, kuma ba a zuwa masa gaisuwa. Mutuwa tana da tsari: wanka, sutura, salla, zaman makoki, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ga masu yi, sannan a raba gado kowa ya kama gabansa. Ɓata ba ta da ko ɗaya. Makon farko gida cike, wata na biyu sai mai tambaya a hanya, "An ji labari kuwa?", bayan shekara mutane su fara kauce wa zancen don kada su tayar da mikin. Wata Ba'amurkiya mai nazarin iyali, Pauline Boss, wadda ta fara aikinta a shekarun 1970 da matan matuƙan jiragen yaƙin da suka ɓata a yaƙin Biyetnam, ta ba wannan hali sunan da za a iya fassarawa da rashi marar tabbas. Ta ce iri biyu ne: wanda jikinsa ya tafi amma yana nan a zukata, da wanda jikinsa ke nan amma hankalinsa ya tafi. Iyalin dattijon da rikicin tsufa ya kama sannan ya ɓata, duka biyun suke sha, ɗaya bayan ɗaya.

Shari'a ta san da wannan hali tun da daɗewa. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai hukuncin mafƙudi, wato wanda ya ɓata ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba. Matarsa ta kai magana gaban alƙali, a yi bincike, a sa mata wa'adin shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mutuwa, wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in ta so. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa na rayuwa bayansu, waɗanda malaman mazhabar Malikiyya da yawa suka ƙiyasta da 70. Hanya a buɗe take ke nan. Sai dai matar tela, da shekara huɗun suka wuce har da ɗori, ba ta taka ƙofar alƙali ba. Ta ce mini ranar da ta je, kamar ita ce ta fara cewa ya mutu, kuma da wane ido za ta dubi surukarta. Tana gidan iyayenta da ɗiyanta biyu. Keken ɗinkinsa na nan an rufe da tsohon zane. Ba mai ikon sayarwa, ba mai zuciyar hawa.

A kan wannan rauni wasu ke cin abinci. Da an karanta lambar waya a rediyo, akwai masu rubutawa. Wani zai kira ya ce ga shi nan tare da shi a wani gari mai nisa, a turo kuɗin mota ya kawo shi, in an ce a ba shi waya ya yi magana sai a ce barci yake. Mai duba ya ce yana gabas kusa da ruwa, a kawo baƙar akuya. Mahaifiyar tela ta sayar da tumakinta ɗaya bayan ɗaya a wannan hanya. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo mini cigiya nakan ce ya riƙe wata alama guda da ba za a faɗa a iska ba, tabo a baya ko haƙorin da ya fita, don ya gwada mai kira da ita kafin ya tura ko dala.

Akwai wani abu da ƴan sandan Norfolk a Ingila suka fara, wanda yanzu ya bazu a ƙasar, ana kiransa da sunan George Herbert, wani tsohon sojan yaƙin duniya na biyu mai rikicin tsufa da ya mutu bayan ya fita neman gidan da ya tashi yana yaro. Takarda ce kawai da iyali ke cikewa tun mutum yana gida: sabon hoto, sunan ciwo, maganin da yake sha, gidajen da ya taɓa zama, inda ya yi aiki, inda ya saba zuwa. Ranar da ya ɓata ba a tsayawa tunani, sai a miƙa ta. Wannan ba ya bukatar kwamfuta. Kowane gida da ke da mai lalura zai iya ɗaukar hotonsa da waya yau, ya sa tela ya ɗinka suna da lambar waya a cikin wuyan riga ko bakin zane, ya sanar da mai unguwa da mai shagon kusa da ƴan kabu-kabun bakin layi. A tasharmu mun roƙi shugabanninmu sun yarda: cigiyar mai lalura a ranar farko ba a biya, kuma ba ta jiran lokacin sanarwa, ko tsakiyar waƙa ake sai a katse. Ina roƙon abokan aiki a Damagaram da Tawa da Ƙonni, da na Katsina da Daura, su duba ko za su iya haka, mu riƙa tura wa juna.

Ga iyalai kuma, roƙona shi ne a faɗi sunan ciwon. Na san tsadarsa, na ga fuskar baffan nan. Amma mai saurare ba ya neman riga shuɗiya, abin da ya tsaya masa a rai yake tunawa: mutumin da ya faɗi, tsohuwar da ke tambayar hanyar garin da ta wuce, saurayin da ke magana shi kaɗai. Ga sauranmu masu wucewa, in ka ga babba yana tafiya a rana tsaka ba takalmi, ko ya zauna wuri ɗaya tun safe yana dube-dube, sallama da "Baba, ina zuwa?" ba ta rage komai. In amsar ba ta haɗu ba, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a kai shi ga mai unguwa, a kira gidan rediyo. Cigiyar tsintuwa ma muna karantawa.

Bara da damina wani saurayi ya shigo mana a guje, kakarsa ta fita bai fi sa'a biyu ba. Ya rubuta komai: shekarunta sun haura 80, tana da rikicin tsufa, za ta ce muku Tibiri za ta gidan babanta, baban ya rasu tun kafin a haifi mai wannan rubutu, kada a yi mata gardama, a ce za a raka ta. Muka katse shiri muka karanta. Kafin kiran magariba wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar tasha da ita a bayansa, ta riƙe ƙugunsa da hannu ɗaya, ɗayan da ƙullin kayanta, tana yi masa faɗan wannan ba hanyar Tibiri ba ce. Jikan ya ciro tukuici, ya ce a'a, a zuba masa mai dai. Yana juya babur ya ce mini, "Hajiya, wallahi sau biyu ina wuce ta yau da fasinja. Sai da na tsaya shan ruwa wajen mai rediyo na ji, na koma."